Gyaran Muryar Baba

"Ƙarya kake yi," in ji Baba. "Ban taɓa buɗe baki a gabanta ba."

Na ce ni ma ban ce ya yi magana ba. Muna ɗakin haɗa abincin tsuntsaye, yana yanka ƙananan kifi a kan katako, ko ɗagowa bai yi ba. Na ce gyaran murya yake yi. Duk sanda zai tura ƙofar shingen gaurakar da muke reno sai ya yi, kuma ta riga ta haddace.

Ya ajiye wuƙar. Ya tambaye ni yaushe na yi girman koya masa aiki, ni da ya ɗora a kafaɗa ya nuna mini zaki.

Gaskiyarsa ce. Tun ƙungiyar kula da dabbobi ba ta san komai ba sai keji da 'yan kallo yake mata aiki. Shi ke tura wa zakin nama ta ƙarƙashin ƙarfe, har zakin ya tsufa, haƙoransa suka zube, ya mutu yana kallon bango. Baba ba ya son tuna zamanin nan. Daga baya ƙungiyar ta sake tunani. Gauraki sun kusa ƙarewa a fadama, sai aka koma tsinto ƙwan da iyaye suka yasar, a ƙyanƙyashe, a rena, a mayar. Da na gama sakandare na rasa abin yi, ya kawo ni.

Dokar aikin ɗaya ce: kada ɗan tsako ya san mutum. Mukan sa doguwar riga ruwan toka, mu rufe fuska, mu zura hannu cikin kan gauraka na roba mu ba shi abinci da bakin. Ba magana, ba suna. Tsuntsun da ya saba da mutum, ran da aka sake shi da ƙafarsa zai taka zuwa wurin mai tarko.

Wannan gaurakar ita ce ta ƙarshe a hannun Baba. Idonsa ya yi rauni, an ce da an sake ta ya huta. An ƙyanƙyashe ta a makon da muka binne Inna. Lamba ce a zoben ƙafarta, amma a gida Auta yake ce mata. Ni ne autansa. Ban taɓa tanka masa ba.

Gyaran muryar kuwa da ita na tashi na gan shi. Bai taɓa shiga wata ƙofa bai yi ba. Inna kan tsokane shi ta ce, "Malam, kai ko akurki za ka leƙa sai ka nemi izinin kaji." Sai ya yi murmushi ya ce ba a faɗa wa kowa kai tsaye. Bai ma san yana yi ba.

Ni ma mura ce ta nuna mini. Ina wucewa bayan shingen, ba riga ba komai, na yi tari. Sai ga ta a guje, fukafukai a buɗe, tana 'yar rawarsu, tana miƙo mini baki ta ramin waya.

Na faɗa masa haka a ɗakin kifin. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka bar ta ta tafi, ɗan nan. A fadama za ta manta."

Na ce masunta ma suna tari.

"Na kulle dabbobi da yawa da hannun nan. Kada ta ƙarshen ta zama a keji."

Na kalli hannun. Duk ɓawon kifi. Na fita na nufi ofishin likitar dabbobi.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ba ta yi faɗa ba. Ta cire takalmi ta lallaɓa bayan shingen, ta tsaya fuska a buɗe. Gaurakar ta ja da baya, wuya a miƙe, kamar yadda ake so. Na ji zuciyata ta ɗan saki. Sai likitar ta yi gyaran murya, a hankali, sau ɗaya.

Ban so in kalla ba. Ƙarar ƙafafunta kawai na ji a kan busasshiyar ciyawa.

Motar fadama ta tafi da sauran 'yan uwanta. Ita aka ce ta zauna, yaran makaranta su riƙa ganinta su san abin da ake ƙoƙarin cetowa. Likitar ta ce wa Baba wataƙila ta yi ƙwai, 'ya'yanta su tafi. Ya yi mata godiya. Wurin da ya rage babu kowa shi ne tsohon kejin zakin. Aka wanke, aka zuba yashi, aka haƙa ɗan kududdufi a tsakiya.

Baba ya ce shi zai ɗauke ta. Ya shiga ba riga, ba murfin fuska, karon farko da ta ga kamanninsa. A bakin ƙofar na ga ya haɗiye gyaran muryar. Ba ta gane shi ba. Ta sare shi a bayan hannu, ta sake sara, jini ya biyo yatsunsa. Na ce, "Baba, yi mata mana." Ya ƙi. Haka ya rungume ta tana fizga har kejin.

Tun ranar ya daina gyaran murya. Yanzu sai dai in juya in gan shi tsaye a tsakar ɗaki, ban ji shigowarsa ba. Muna cin abinci a kwano ɗaya. Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma ce na yi daidai ba.

Ya ajiye aiki amma yana zuwa. Yakan zauna a benci nesa da kejin, inda ba za ta ji shi ba. Rannan ina shara aka kawo 'yan firamare. Malaminsu na tari, gaurakar ta taho da gudu ta buɗe fukafukai, yara suka yi ta tafi. Wata 'yar ƙarama mai giɓi ba ta yi tafin ba. Ta dubi ƙarafan, ta dube ni da tsintsiya, ta juya wajen tsohon da ke kan benci.

"Kaka, ita me ta yi aka kulle ta?"