Shahada a Hannun Inna Ajaratu

Hajiya Oumou ta sunkuya har leɓenta na taɓa kunnen Inna Ajaratu. "La'ilaha illallah. Ajaratu, ki faɗa. La'ilaha illallah." Duk maimaitawa sai ta ƙara murya, kamar kurumtar da ta fi shekara hamsin za ta tsorata ta ba da hanya.

"Hajiya, ba ta ji fa," in ji Sabitu daga bakin ƙofa. Ɗan ƙanin Inna ne, a hannunta ya girma. Ko hular zem ɗinsa, wato ta acaɓa, bai ajiye ba, babur ɗin na waje a cikin yayyafi.

"Ni za ka gaya wa? Tare muka yi wasan ƙasa da ita. A kunne ake yi, haka muka tarar."

Sabitu ya waiwayo ya dube ni. "Mounira, ni 'ci' da 'zo' da 'sai gobe' kawai na iya da hannu. Don Allah kar ta tafi haka."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Inna a Zongo. Da kokonta na girma, don kullum safiya tana bakin ƙofa kan bencinta, ludayi na juyawa cikin tukunya. Har sunanta a wajen kurame ke nan, hannu yana dama koko a iska. Sanƙarau ne ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama. Mijinta Mamadou tela ne, shi ma kurma. Shekarar da ruwa ya ci ƙasan unguwa, lasifikar masallaci ta yi ta cewa a fita, kowa ya fita, shi yana shago ya ba ƙofa baya yana ɗinki. A nan ruwan ya ci shi.

Tun daga nan Inna ba ta bar ƙungiyar kurame ta huta ba, sai da aka buɗe aji a unguwar Amoutivé. Matasa masu ji ake koya wa tsayawa kusa da mai sanarwa, ko a tele, wato talabijin, ko a ƙofar masallaci, su mayar da maganar ambaliya ko gobara ko kwalara zuwa hannu. Inna ce alƙaliya. Tana zama a gaba, in ba ta gane ba ka faɗi.

Ni littattafai suka kai ni ajin. Na karanta da yawa, har na ɗauka maganar hannu waƙa ce da yatsu ke rerawa, ina ganin kaina cikin ɗan kusurwar tele ana cewa wace ce wannan. Inna ta warkar da ni ranar da aka gayyato dattawan unguwa su ga gwaji. Aka karanta, "Ruwa na tahowa, ku bar gidajenku yanzu." Hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma idona na ƙasa, kamar yadda aka rene ni in yi a gaban manya.

Ta buga tebur. "Hannunki na cewa a gudu," ta ce da yatsu, "fuskarki na cewa a zauna a sha shayi."

"Inna, manya ne. Ina jin nauyi."

"Ki bar nauyin a gida tare da awarwaronki. Ku murya gare ku, mu fuska. In kin sunkuyar da kai kin kashe lasifika." Sai ta kwaikwayi tsayuwata, wuya a karye kamar amarya, ajin ya fashe da dariya. Daga nan ta nuna fuskarta da yatsa ta zagaya. Wannan alamar ta bi ni wata da watanni, fuska, fuska, har a mafarki.

Yanzu ga ta kwance, ciwon ƙirji ya cinye ta, asibiti sun sallamo ta. La'asar ce amma ɗakin kamar magariba, kuran ya tafi, babu wutar lantarki, an rufe taga saboda sanyi. Mata sun cika ɗakin. Malam Ikrima, limaminmu, na zaune jikin tagar yana karanta Yasin. Idanun Inna na yawo daga wannan baki zuwa wancan, bakuna na motsi a duhu, ba wanda ke gaya mata komai. Ban taɓa ganin tsoro a idonta ba sai ranar.

"A buɗe taga," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Iska za ta shige ta," in ji Hajiya.

"A buɗe. Hajiya, ara mini mayafinki baƙin nan, atamfata ta cika fure, hannu ba zai fito a kai ba." Na zare awarwarona na zuba wa Sabitu cikin hular. Sannan na juya wajen mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka haife ni. "Malam, ka matsa. Kana tare haske."

Malam ya dube ni, ya dubi Inna, ya ja buzunsa gefe. "Yi aikinki, 'yata."

Na durƙusa inda hasken ke faɗo mini a fuska, na bubbuga ƙarfen gadon yadda za ta ji a jikinta. Idanunta suka dawo, suka same ni. Na fara. Babu abin bauta. Sai Allah. Na ɗaga ido, na buɗe fuska, na sa duk ƙarfin da ta koya mini, hawaye na zuba ban share ba. Na sake. Na sake.

Hannunta ya motsa a kan zane. Da ƙyar yatsan ya kai haɓarta, ya yi ɗan zagaye.

Fuska.

"Me ta ce?" Sabitu ya tambaya.

Kaina ya ɗaure. Ai ga ido a buɗe, ga gira a ɗage, duk yadda take so. Sai ta sake motsa yatsun, a hankali. "Ba gudu ba ne."

Ashe fuskar ambaliya na kawo mata. Ita kaɗai na iya da kyau.

Na goge ido da gefen mayafin Hajiya. Na tuna safiya, tururin koko, da yadda take ƙara mini rabin ludayi tana hararata kamar ni na roƙa. Fuskata ta sauka da kanta. Na sake yi, wannan karon kamar mai gaya wa maƙwabciya cewa ruwa ya ɗauke.

Ta bi ni. Hannun bai ɗagu sosai ba, amma ya bi, kalma bayan kalma. A ƙarshe manuniyarta ta miƙe ita kaɗai, tana duban rufin kwano.

"Ta faɗa," na ce.

"Mun gani," in ji Malam, ya ci gaba da karatu a hankali. Hajiya Oumou ta riƙe ɗayan hannun. Kafin a kai ƙarshen surar Inna ta cika.

Ba a jima ba lasifikar masallaci ta fara sanarwar rasuwar. Na fito tsakar gida, har yanzu da mayafin Hajiya a jikina. A ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, ƙawayen Inna kurame na tsaye, wasu daga kasuwar Assigamé suka baro kayansu. Suna ganin mutane na tsayawa a hanya suna tafa hannu, su kuwa ni suke kallo.

Na hau bencin koko, na juya wajen haske. Na yi sunanta da hannu, sannan na faɗi sauran.

Ba wadda ta motsa. Can tsohuwar cikinsu ta ɗaga hannu ta fara damawa a iska, ta kusa da ita ta bi, har suka zagayo duka. A gefen bencin tukunyar na kife, yayyafi na taruwa a gindinta.