Jesi Mai Lamba Uku

Ranar Talata da hantsi takardar ta iso shagonmu cikin ambulan mai hatimin hukumar ƙwallo. Sai da Oga ya turo ƙofa sannan ya buɗe ta.

"Sunaye ashirin da uku ne, na 'yan matan da za su tafi gasar ƙasashe," in ji shi. "Sai Juma'a za a sanar. In maganar ta fita kafin nan za a ƙwace mana kwangilar, ni kuma in kore ki. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Shekara tara ina manna lamba da suna a bayan jesi, ban taɓa fitar da sirrin kowa ba. Na karɓi takardar na nufi lamba uku kai tsaye, don lambar ƙanwata ce, Auta. Shekara goma sha ɗaya tana tsaron baya da ita. Na tarar da sunan wata yarinya da ban ma taɓa ji ba. Na bi takardar daga sama zuwa ƙasa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama, har bayanta na juya kamar wata sakarya. Babu Auta.

Oga ya san ƙanwata ce. Ya kalle ni, ya kalli takardar, ya ce zai je banki.

Ni dai gaskiya ban taɓa son ƙwallon nan ba, kuma ban ɓoye ba. Tun tana 'yar firamare nake mata faɗa. Da ta karye a hannu na ce ga irinta nan. Da aka yi mata tiyata a gwiwa bara, a bakin gadon asibiti na ce mata ta haƙura haka, ƙafar nan ba ta aro ba ce. Bakina ba ya shiru, Inna ma ta sha cewa da a ce ana sayar da mita da na gina bene.

To ga inda gizo ke saƙar. Auta tana koyar da wasanni a wata makarantar kuɗi, kuma hedimasta ya gaji da tafiye-tafiyenta. Ya ce ba zai ba ta hutun wata guda ba. Ko ta zauna, ko ta kawo takardar ajiye aiki ranar Laraba ya nemi wata. Da albashin nan ake sayen maganin hawan jinin Inna.

Da azahar sai ga ta ta faɗo shagon, an sallamo su daga sansanin horo su yi kwana biyu a gida. Na yi maza na kifa takardar na ɗora almakashi a kai.

"Yaya, firintarku na aiki? Takardar ajiye aikin nan za ki fitar min."

Na ce, "Auta, kada ki saki reshe ki kama ganye. Ki bari a sanar tukuna."

"Sai Juma'a za a sanar, shi kuma hedimasta gobe yake so."

"Ki roƙe shi ya ƙara miki kwana biyu."

"Na roƙa har na gaji. Kuma me za a sanar da ban sani ba? Jiya koci da bakinta ta ce gwiwata ta koma garau." Ta yi dariya. "Ke dai Yaya! Ko kofin aka kawo miki har ɗaki, cewa za ki yi wa zai wanke shi."

"Da gaske nake. Kada ki kai takardar nan."

Dariyar ta ɗauke. "Na sani ai. Shekara goma sha ɗaya kina da gaske. Sau ɗaya dai a duniya ki ce min Allah ya ba da sa'a, ba za ki mutu ba."

Wayyo ni. Na yi ta ihun ƙarya shekara da shekaru, yau da abin ya zo da gaske babu mai waiwayowa. Kalma huɗu ce kawai: babu sunanki a ciki. Tana bakina. Amma na san Auta, ba za ta fita shagon ba sai ta kira koci ta zazzage mata, kafin la'asar hukuma ta san daga inda maganar ta fito. Mijina wata bakwai ke nan yana zaune tun da aka rufe masana'antarsu, ga yara uku. Sai na shiga yi wa kaina huɗuba: ai ana sauya suna, wata na iya jin rauni, koci na iya sake tunani. Ƙarya nake, tsoro ne kawai, kuma na san tsoro ne tun a lokacin.

Na karɓi wayarta na tura takardar, firinta ta fitar. Har ambulan na ba ta daga cikin na Oga.

Laraba da Alhamis na yi su tsaye gaban injin manna lamba. A shimfiɗa riga, a daidaita lamba, a danne da zafi, a ƙirga goma sha biyar, a ɓare leda. Kowace 'yar wasa riga huɗu. Na bar lamba uku sai ƙarshe, wai ko waya za ta yi ƙara. Ba ta yi ba. Na buga sunan yarinyar sau huɗu, kuma ya fita tas, ko karkacewa bai yi ba. A gida kuwa Inna ta sa an gyara eriyar talabijin, tana ta gaya wa maƙwabta su tanadi kujeru.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma aka karanta sunayen a rediyo. Ban kunna ba. Ina ninke rigunan cikin leda na ji an tsaya a ƙofa.

Auta ce. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta shigo ta zauna a kan kwali tana murza gwiwarta.

"Ba su ɗauke ni ba, Yaya. Ko waya ba su yi min ba, a mota na ji." Ta saki gwiwar. "Daga nan na wuce makarantar. Har hedimasta ya ɗauki wata, jiya ta fara."

Na ci gaba da ninke rigar da ke hannuna.

"Faɗi mana," in ji ta. "Ki ce ga irinta nan. Kin yi gaskiya, ki faɗa."

Sai idonta ya sauka a kan tebur. Rigunan ƙasa ne jere, an gama su, an ninke, an sa a leda. Ta miƙa hannu ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ta biyu. Wanda ya yi shekara tara yana zuwa shagon nan ya san riga casa'in da biyu ba a buga su cikin awa guda.

"Yaushe aka kawo muku sunayen?"

Na so in ce jiya. Wallahi na so.

"Talata," na ce. "Da hantsi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta mayar da rigar cikin ledarta, ta gyara ninkin yadda ta same shi, ta ajiye a kan 'yan'uwanta.

"Ni zan gaya wa Inna ba a ɗauke ni ba," ta ce. "Sauran kuma ke za ki gaya mata."