Marurun Malam Rilwanu

Malam Rilwanu mutum ne mai ɗaure fuska. Yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare mai zaman kanta a Bukan Sidi, kuma in ya shigo aji, har Tersoo, ɗalibin da bakinsa ba ya hutawa, sai ya haɗiye maganarsa.

Da jarrabawar fita ta matso, makaranta ta ce a riƙa yi wa 'yan aji shida bita ta intanet duk Asabar. Madam Ngodoo, malamar kwamfuta, ta tare shi a ofishin malamai.

"Malam, ka karɓi laftof ɗin makaranta. In ka nuna musu fuskar wayarka, duk abin da ya shigo za su gani."

"Madam, ni ba abin da nake ɓoyewa," in ji shi, ya wuce abinsa.

Ranar Asabar da hantsi ya jingina wayar da gwangwanin madara, ya buɗe taswirar Kogin Binuwai yadda kowa zai gani daga gida. A tsaye yake koyarwa, idonsa na kan littafi, shi ya sa bai ga saƙon da ya sauko a saman taswirar ba. Yayarsa Rahmat ce daga Awe:

"Inna ta ce in tambayi Autanta, marurun nan na mazaunai ya fashe? Kana iya zama yanzu?"

Aji ya yi tsit. Malam Rilwanu ya ɗauka bayaninsa ne ya ratsa su, ya ƙara ɗaga murya. Sai ga na biyu:

"Ta ce ka gasa shi da ruwan ɗumi da gishirin da ta aiko. Kuma ka daina ihu in ana matsa maka, maƙwabta na ji."

Wata dariya ta kuɓuce wa wani, ya toshe ta da tari.

"Wane ne wannan?"

"Sa, abeg, ni ne," in ji Tersoo, murya kamar ta mai jaje. "Ka zauna mana, Sa. Tun ɗazu kana tsaye."

Nan fa aji ya fashe. Malam Rilwanu ya leƙa wayar, ya karanta. Yana lalubar inda zai danna, saƙo na uku ya faɗo, wannan karon daga mahaifin wata ɗalibarsa: "Malam, game da Zulfa, likita ya ce..."

Ya kashe komai. Amma kafin hoton ya ɗauke ya ga Zulfa ta rufe kyamararta.

Wannan ya fi marurun ciwo. Yarinyar na fama da sikila, ba ta kuma son 'yan ajinsu su sani; shi kaɗai aka gaya wa. Bayan la'asar ya hau acaɓa, a karkace, ya nufi gidansu. Ya durƙusa gaban mahaifinta ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba.

"Ka yi ganganci, Malam," in ji dattijon. "Amanar yara ce a wayar nan. Allah ya rufa asiri ba su ga sauran ba."

Daga bayan labule Zulfa ta ce, "Baba, ni fa ba wanda ya tambaye ni komai. Kowa ta marurun Malam yake yi."

Dattijon ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Litinin da safe Malam Rilwanu ya fara biyawa ta wurin Madam Ngodoo, ta miƙa masa laftof, ta kuma nuna masa inda ake toshe saƙonni. Da ya shiga aji, ya tarar da filo mai zanen furanni a kan kujerarsa. Ɗalibai duk sun sunkuyar da kai, kowa ya zama ustaz.

Ya dubi filon, ya dubi ajin. Sannan a hankali ya zauna a kai, ya gyara zama.

"Madalla. Ku fito da takarda, gwaji za mu yi."

Aka yi ta gunaguni. Erdoo, da ke zaune can baya, ta ɗaga hannu.

"Sa, in an tashi zan karɓi filon. Mama ba ta san na ɗauko ba."