Zoɓon da Ya Ɗaure Bakin Zumunta

A shekarar 2004 ne Folasade, matar Toma ɗan ƙanwata, ta ce ita za ta riƙa yi wa zumuntar matan cocinmu na Samaru zoɓo. Shekara goma sha ɗaya Martina ke yin zoɓon nan, kuma ba ta da niyyar mutuwa. Matar fasto ta ce a gwada Folasade sau ɗaya. In bai yi ba, aiki ya koma hannun mai shi.

Folasade haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai duk abin da ya sa ta yamutsa fuska tsami take ce masa. Don ta fi Martina, ta je har Bomo ta samo kashu wanda bai gama nuna ba, ta matse ruwansa a ciki. Ranar taro da safe ta kawo mini a kofi.

"Mama, ɗanɗana ki ji. Tsami ya yi yawa. Na sa kanwa, na ƙara sukari, ya ƙi."

Na kurɓa. Harshena ya manne a ganɗa.

"'Yar nan, wannan ba tsami ba ne. Tsami na tsamiya ne, yawu yake tsinka miki. Ɗaci na gauta ne, har maƙogwaro yake bi. Wannan bauri ne. Ya shanye yawun, ya ɗaure baki. Kanwa ba ta san shi ba."

"To me ke kashe shi?"

"Zubarwa."

Ta kalli robar zoɓon, ga ta babba, ga lokaci ya ƙure. Ta rufe abinta ta ɗauka. Ni kuwa na yi wanka da wuri, na kama bencin gaba.

Martina ce ta fara sha, kofi cike, don ta samu abin faɗa. Ta samu, amma bakin ya ƙi buɗuwa. Mata arba'in suka zauna suna motsa leɓe kamar awaki. Rigimar murfin tukunyar coci da muke ja tun Ista, babu wadda ta tayar. Mai ba da waƙa ta yi baiti ɗaya ta nemi wuri. Ƙarfe uku aka ce amin.

Matar fasto ba ta sha ba, ulsa gare ta. Ta duba agogo, ta ce tun zuwanta Samaru ba a taɓa tashi kafin magariba ba. Daga yau Folasade ce mai zoɓo, kuma kada ta canza komai.

Martina ta ɗaga hannu. Aka jira ta. Ta sauke.