Labulen Ɗakin Inna Habibatu

"Ɗage shi sama," in ji Inna Habibatu. "Ƙara dai, yarinya."

Ina durƙushe a bakin ƙofar ɗakinta, allurai a bakina, na kalmashe ƙasan labulen da ko awa bai yi da ratayawa ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Duk layinmu a Gwallameji an san ɗinkin Juliana: labulena sai ya sauka har ya taɓa tayil, haka ake yayi yanzu. Ga yadi mai nauyi ruwan zuma, wanda Ikilima ta zaɓa da kanta don ya dace da kushin ɗin falo, amma tsohuwa na kwance a tabarma tana ba ni umarni in lalata shi.

"Inna, in na ƙara zai zama kamar wandon yaron da ya yi tsawo," na ce.

"To ya zama."

Ikilima, matar ɗanta Sabitu, tana tsaye a kaina ta riƙe ƙugu. Katangarmu ɗaya da su, kuma na san irin wahalar da ta sha a kan ɗakin nan. Da ciwo ya kwantar da surukar tata aka ɗauko ta daga ruga, can bayan Miri, sai da Ikilima ta sa aka sake fenti, aka kawo gado da katifa mai laushi, aka ɗaura fanka. Inna ta dubi gadon ta ce Allah ya yi albarka, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, daidai saitin ƙofa. Gadon ya zama wurin ajiye ƙoren nononta.

"Inna, masu dubiya fa za su riƙa zuwa," in ji Ikilima a hankali. "Abokan aikinsa ma za su zo. Sai a ce ko labule mun kasa yi miki."

"Iska nake so."

"Ga fanka ai."

Inna ta juya fuska bango. Ikilima ta yi ajiyar zuciya ta ce in yi mata yadda take so. Na kalmashe fiye da taƙi guda, na bi shi da ɗinkin hannu manya-manya yadda zai yi sauƙin warwarewa, ina ta gunaguni a ciki.

Daga ranar na saba leƙa ta. In aiki ya yi sauƙi sai in ɗauko ɗinkina in zauna gefen tabarmarta. Ba ta da yawan magana, amma idonta kullum yana ƙasan labulen nan. Kafin mutum ya yi sallama ta faɗi ko wane ne.

"Ga Sabitu ya dawo, takalmin ofis ya matse masa yatsa." Ko ta ce, "Wannan maƙwabciyarku ce mai yawan surutu, ce mata na yi barci." Sai in yi dariya har allura ta soke ni.

Na lura dai duk sanda aka taɓa ƙofar gida sai ta ɗan ɗago kai, in ƙafafun suka bayyana ta mayar da shi. Wata rana na tambaye ta wa take jira.

"Ba kowa," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Ruwa ya sauka a kudu, masu shanu sun kusa juyowa."

A kicin Ikilima ta warware min. Inna tana da wani ɗa, Hammawa, shi ne na fari, shi ya tsaya da dabbobi. Sabitu ya yi ta neman wayarsa ba ta shiga, sai saƙo aka bayar ta hannun masu zuwa kasuwar shanu.

"Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kama sunansa ba," in ji Ikilima. "Kin san kunyar ɗan fari, ta mutanen ruga kuma ta fi tamu. In ya zo gaishe ta daga waje yake tsayawa, ita ma ba ta ɗaga ido ta dube shi. Ko cewa a kira shi ba za ta yi ba."

Ta ci gaba da juya miya. Sai ta ajiye ludayin, ta dube ni, ni ma na dube ta. Babu wadda ta ƙara ambaton tsawon labule a cikinmu.

Jikin ya ci gaba da tsananta. Ta daina shan fura, sai ruwa a cokali. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada matar nan ta tafi tana kallon tayil. Har na koma in na ji ƙarar babur a layi sai in bar keken ɗinki in fito.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ina gefenta, Ikilima na yi mata fifita saboda an ɗauke wuta, muka ji babur ya tsaya. Aka yi maganganu ƙasa-ƙasa a falo. Sai ga ƙafafu biyu a ƙarƙashin labulen, ba takalmi, dogaye, ƙura har idon sawu, dugadugan duk sun tsattsage.

"Salamu alaikum. Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi," ta ce, da muryar da take amsa wa kowane baƙo. "Ya dabbobi?"

"Lafiya lau suke."

Na yunƙura zan yaye labulen gaba ɗaya, don ni a wurinmu ɗa faɗawa yake jikin uwarsa. Ta riƙe min zani da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Na koma na zauna. Ta kwantar da kumatunta a tabarma ta zuba wa ƙafafun nan ido, ta daɗe tana kallo, shi kuma bai motsa ba.

"Yarinya," ta ce da ni, "akwai man kaɗe a ƙaramin ƙoƙon can. Miƙa wa na bakin ƙofa. Faso ya yi masa yawa."

Na tura ƙoƙon ta ƙasan labulen. Hannu ya sauko ya ɗauka.

Washegari da hantsi ta cika, Sabitu na riƙe da kanta yana maimaita mata kalmar shahada, Hammawa na zaune a dandamalin ƙofar inda ya kwana. Na yi kuka kamar uwata ce ta rasu.

Bayan an share makoki na shiga da ɗan almakashina in saki kalmasar, tunda ɗakin zai koma na baƙi. An naɗe tabarmar an jingine ta. Na zauna a ƙasa daidai inda take kwanciya, na kama bakin yadin ina neman kan zaren. Sai na ji taku. Hammawa ne, zai koma ruga, bai san da mutum a ciki ba. Ya tsaya a inda ya saba, ya yi sallama a hankali, ya jira ɗan lokaci.

Na mayar da almakashin cikin jaka. Ta ƙasan labulen ina ganin dugadugansa, suna ƙyallin mai.