Duwatsu Uku-Uku

Shekara talatin Malam Datti yana jera duwatsu a tudun da ke bayan Unguwar Rukuba, uku-uku, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Duk wanda ya tashi a gidan masu haƙar kuza ya san karatun: inda ka ga uku, ratse, tsohon rami ne ciyawa ta rufe wa baki. Wani zurfinsa ya kai gaba goma.

Ranar Alhamis da hantsi ya hau da sandarsa, ya tarar babu ko ɗaya.

Bai sha wahalar neman mai aikin ba. A gindin tudun ya sami Nneoma, 'yar maƙwabcinsa Hyginus mai shagon taya, wadda ta kafa ƙungiyar masu hawan dutse don motsa jiki. Yarinyar kirki ce, ita ta hana zubar da ledar ruwa a wurin. Abin da ya ƙara masa haushi ke nan, da 'yar iska ce da ya san ta inda zai fara.

"Baba, ka ga aikinmu? Mun share wurin tas. Har wannan duwatsu da masu ɗaukan hoto suke tarawa, duka mun watsar."

"Kun watsar."

"Doka ne a duk duniya, Baba. Kar ka bar komai a daji sai sawun ƙafanka. Tara dutse yana damun ƙadangaru."

Ƙadangaru. Datti ya haɗiye maganar da ta fara zuwa masa, don a gabansa aka haife ta.

"Su masu dokar, an haƙi kuza a garinsu? Biyo ni, 'yata. Inda na sa ƙafa, nan za ki sa taki."

Da suka yi nisa ya tsaya, ya ɗauki tsakuwa ya jefa cikin wata ciyawa mai kyan gani, irin wadda mutum zai so ya shimfiɗa tabarma a kai. Shiru. Can ƙasa sai aka ji ƙarar ruwa.

Nneoma ta ja da baya. "Baba, jibi zan kawo 'yan firamare. Yara arba'in."

"Ramukan sha bakwai ne. Ni kuwa da idon nan, cikin ciyawar Agusta, tara kawai zan iya rantsuwa a kansu. Sauran na bar wa duwatsu su tuna mini, ku kuma kun sallame su daga aiki."

Ta zaro waya tana sunkuyar da kai. "Mun yi bidiyo. Kowane ɗaya da muka rushe. Don mutane su koya."

"Oho. Ashe son a gani ma yana da ranarsa."

Haka suka yini. Ita ta nuna hoton, shi ya gane wurin daga wata bishiya ko tsagar fa, ya caka sanda, ta yi dakon duwatsu har tafin hannunta ya saɓule. Bai ce mata sannu ba. Kafin la'asar sun mayar da sha shida. Bidiyon na sha bakwai babu komai a cikinsa sai haƙoran wani ɗan ƙungiyar, Nnadozie, da sararin sama.

Washegari suka dawo, suka bi tudun taku-taku. Wajen azahar sandar Datti ta shige har wuyan hannunsa, taku huɗu daga falalen dutsen da Nneoma ta zaɓa don yara su ci abinci. Ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta tashi, da kanta ta ɗora ukun.

"Baba, zan sa a yi allon ƙarfe a kowane rami. Da rubutu."

"Kafin sati 'yan gwangwan sun kai shi sikeli." Ya gyara zaman ƙaramin dutsen da ta ɗora a karkace. "Shi ya sa na zaɓi dutse. Shekara talatin ko ɓarawo bai taɓa shi ba, sai da masu ilimi suka zo. Gobe kafin yaran su hau, ki tara su a nan, ki fara koya musu ƙirga uku."