Gassan Mazaunin Gari Ne

...to su jira mana, ni na ce su yi layi? Kujerar nan ta bayan kantin Abu Nizar ma ƙarfe ce, sanyinta har cikin ƙashi. Kai Gassan, dubi inda ka ajiye uwarka. Ohayo, ƙasar Turawa. Watan haraji ya kama, ƙanƙara na narkewa, kowa da takardu a hammata kamar masu ganin likita.

Garin nan ba ya mantuwa. Duk baligin da ke kwana a cikinsa sai ya rubuta wa hukumar gari abin da ya samu a shekara, ko da sisi bai samu ba. Takardar ta zo da sunanka. Ban yi boko ba, amma na san zubin sunanka kamar yadda na san tabon goshinka. Duk shekara in kawo ta, Abu Nizar ya danna na'urarsa: mazaunin gari, bai samu komai ba. Matarka Rudaina ta sa hannu. Wa aka cuta?

Yau ta ƙi ɗaukar biro.

"Hajja, gurbi uku ne," in ji Abu Nizar, tabarau a kan hanci. "Yana gari, ko ya tashi, ko kuma..."

Ko kuma me? Ƙarasa mana, ɗan mai tallan cuku! Tun kana da majina na san ka a garinmu Homs, yau don ka iya lissafin Turawa — ya mayar da ido kan na'urarsa. Gara da ya yi.

Kwana kaɗan ka ce, Gassan. Za ka je gida ka sayar da gonar zaitun ta babanka ka dawo. Na ce bar ta, ana yaƙi, ƙasa ba ta gudu. Ka yi dariya, ka sumbaci kaina, jakar ma ƙarama ka ɗauka... An ce shinge ne a hanya. An ce an sauke ka daga mota. An ce, an ce. Gawa aka nuna mini? Ni ba na binne "an ce".

Ga Rudaina nan gefena, hannuwa a cinya. Duk sun tsage da aikin masana'anta. Da gwal ta shigo gidana, yanzu ko zobe babu, an cinye a kuɗin haya. Liman ya ce shari'a ta ba ta damar sake aure, ta jira fiye da yadda aka ɗora mata. Lauya ya ce ba za ta gaya wa alƙali ka ɓata ba, sannan ta gaya wa gari kana kwana a gida. Akwai wani mai gareji, mutumin Halab can ƙasarmu, matarsa ta rasu, yana neman aurenta. Na gan shi — haƙoransa ba kyau, amma yana biyan bashi, yana sallah. Da 'yata ce da tuni na ce je ki. Da 'yata ce...

"Hajja, wallahi na gaji," ta ce, ko kallona ba ta yi.

Ni ban gaji ba? Dutse ce ni?

In Abu Nizar ya danna wani gurbin, takardar ta daina zuwa ke nan. To wa kuma zai kira sunanka? Abokanka sun daina bugo waya. Matan masallaci baki na suɓuce musu, su ce Allah ya jiƙan — sai su kama baki. Ƙaramar 'yarka a hoto ta san ka. Masu haraji kaɗai suka rage, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba, su ne har yau ke zaton za ka amsa. Dubi abin da na koma riƙewa. Ni, Umm Gassan, da ko gishiri ban taɓa roƙo ba.

Yatsan Abu Nizar na sama, yana jira. Bayana wani na tari. Rana na yi, ban ko jiƙa burgul, tsakin alkamarmu, ba, mu huɗu ne, kofi biyu ya isa, a haɗa da albasar jiya...

Mu huɗu.

Ni, ita, yara biyu. A da kofi uku nake aunawa, rabonka ya kwana a tukunya, in yi faɗa in ba tsuntsaye. Yaushe tukunyata ta daina saura? Ba liman, ba lauya, ba wanda ya ce in rage. Wannan hannun ne, shi kaɗai... tun yaushe, Gassan?

"Hajja?"

Ina zuwa. Bari in...